Shiri da Jadawali da Linzami: Jawabi a kan Tafiyad da Matatar Mai

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasar Kusada da ta Kankiya. 

Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Yashe zai ga tankokin mai suna wucewa zuwa Katsina, dare da rana. Abin da su ke ɗauke da shi shi ne ke tayad da injin ban-ruwa na mai noman rani, da injin niƙa na tsakiyar gari, da babur ɗin da ke kai mara lafiya asibiti. Ko ɗigo ɗaya ba a ƙasar Kusada a ke tace shi ba. Domin kada Arewa ta riƙa jiran mai daga bakin teku ne Gwamnatin Tarayya ta gina matata a Kaduna, aka buɗe ta a shekarar 1980. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya yi ginin, aka tsara ta tace ganga 100,000 a yini, daga baya aka ƙara ta kai 110,000. Kowace ganga kuwa lita 159 ce. Amma shekarar 2020 ta zo ta tarar da wannan babbar matata a rufe. Mutane su kan ambaci dalilai da yawa, da sata, da siyasa, da rigimar farashi, kuma kowanne da gaskiyarsa. Wannan jawabi zai ɗauki dalili guda wanda ba a cika faɗa ba, ko da ya ke hakimi ya fi kowa saurin gane shi: ayyuka uku ne ke riƙe da matata, kuma in masu yinsu ba littafi ɗaya su ke dubawa ba, to, ƙarfe komai tsadarsa ba ya tsinana komai.

Da farko ya kamata a san abin da matata ke yi. Ɗanyen mai, yadda ya ke fitowa daga rijiya, ba ya tuƙa mota, ba ya kunna fitila. Gauraye ne na mai iri-iri, waɗansu marasa nauyi masu saurin tashi, waɗansu masu kauri. A kan dafa shi har zafinsa ya kai wajen digiri 350, sa'an nan a tura shi cikin wata doguwar hasumiya ta ƙarfe mai hawa-hawa. Tururinsa ya yi sama yana hucewa, kowane iri ya koma ruwa a nasa hawan. Iskar girki ce ke fita can ƙoli, sai abin da a ke yin fetur da shi, sai kananzir, sai man gas, baƙin mai kuma ya kwanta a gindi. Abin lura shi ne ba a iya fitad da ɗaya a bar sauran. Kamar mahauci ne: ko tozo kaɗai a ke nema a kasuwa, sai ya kayad da sa ɗungum, kāna ya nemi inda zai kai fata da ƙafafu da kayan ciki. In tankin baƙin mai ya cika ba mai saye, tilas a rage wuta, ko da kuwa gari duka na layin fetur.

Ayyukan nan uku ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A dubi mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Da kaka ta kan ƙiyasta gyaɗar da za ta saya tun tana da araha, gwargwadon jarinta da wurin ajiyarta. Wannan shi ne shiri, kuma da watanni a ke auna shi. Sa'an nan ta san ranar kasuwa, saboda haka ta san daren da za ta soya gyaɗa, da safiyar da za ta aika niƙa, da ranar da za a kawo mata kwalabe. Wannan shi ne jadawali, da kwanaki a ke auna shi. Sa'ad da ta zauna matsar mai kuwa, idonta na kan tunkuza, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, tana rage wuta in ta ga za ta ƙone. Wannan shi ne riƙon linzami, shi kuwa da ƙiftawar ido a ke auna shi. Ita ba ta shan wahalar haɗa su, gama duka ukun a kai ɗaya su ke. In ta ga gyaɗar bana ba ta da mai kamar ta bara, ba sai ta rubuta wa kowa takarda ba, nan take za ta sāke lissafin sayenta. A matata kuwa mutane ɗaruruwa ne suka raba aikin, waɗansu a ofis a wani gari, waɗansu a ɗakin lura da injuna, kuma mai yiwuwa ne shekara ta ƙare ba su zauna tabarma ɗaya ba.

Masu shiri su ne ke yanke irin ɗanyen man da za a saya, da yawansa, da abin da za a fitar a cikin wata ko wata uku. Lissafin ya fi ƙarfin alƙalami, don abubuwan da a ke aunawa dubbai ne. A shekarar 1947 wani masanin lissafi na Amurka, George Dantzig, ya fito da hanyar da a ke bi a zaɓi mafi riba daga cikin hanyoyi masu ɗimbin yawa ba tare da an ƙetare iyakar jari ko ta inji ba. A 1952 waɗansu masana uku, Charnes da Cooper da Mellon, suka nuna yadda za a yi amfani da ita wajen gauraya man jirgin sama. Tun daga nan matatun duniya suka kama ta, yau kuwa kwamfuta ce ke yin lissafin. Sai dai wannan lissafi yana da wani makantaccen gefe. Ya kan ɗauki wata guda kamar yini ɗaya ne mai tsawo, watau kamar duk ɗanyen man ya iso tare, duk masu saye sun zo tare. Bai san Litinin ba, bai san Alhamis ba.

Nan ne aikin mai jadawali ya ke, kuma shi ne mafi wuya a cikin ukun, ko da ya ke shi ne ba a cika jin sunansa ba. Shi ne zai ce wane tanki za a cika yau, wanne za a bari ya kwanta ruwan da ke ciki ya sauka gindi a tsiyaye shi, wanne za a ɗiba a kai wuta, don ba a zuba wa tanki a kuma ɗebe shi a lokaci guda in ana son a san abin da ke ciki. Matatar Kaduna ta ɗora wa mai jadawali kaya wanda ya fi na sauran matatun Nijeriya nauyi, saboda dalili biyu. Na ɗaya, tana nesa da rijiyoyi. Sa'ad da ta ke aiki, ɗanyen manta daga Escravos ya ke tasowa, ya biyo ta Warri, ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 a cikin bututu kafin ya iso, tafiya ta kwanaki. Na biyu, tukunya biyu gare ta masu cin abinci dabam-dabam. Ɗaya tana cin man Nijeriya mara nauyi, ta fitad da fetur da kananzir da man gas. Ɗayar an gina ta don man shafa wa inji da kakin kyandir da kwalta, waɗanda man Nijeriya bai dace da su ba sosai, saboda haka sai an sayo mata mai nauyi daga ƙasashen waje, kamar Banizuwela da Kuwait da Saudiyya. Jirgin ruwa zai kawo shi bakin teku, a sauke, a tura shi kashi-kashi zuwa Kaduna.

To, a duba abin da wannan ke nufi. Mai shiri ya rubuta cewa a watan nan za a tace mai nauyi kaza. Jirgin ya yi jinkirin mako guda a teku, ko kuɗin sayen bai fito kan lokaci ba. A takardar mai shiri ba abin da ya sāke, don jirgin ya iso cikin watan. A wurin mai jadawali kuwa kome ya rikice: tukunya guda ta zauna da yunwa kwana bakwai, sa'an nan kaya ya zo gaba ɗaya ya tarar ba isasshen tanki. Kwanakin da aka rasa ba sa dawowa, gama tukunya ba ta cin ninki biyu gobe don ta rama na jiya. Kashe ta da tayad da ita kuma ba kamar kashe fitila ba ne, a kan yi kwanaki ana ɗumama ta a hankali, kuma a wannan lokaci ne ƙarfe ya fi wahala, hatsari ya fi kusa.

Dattawa sun taɓa ganin irin wannan da idonsu. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda a ke bugawa a hotuna ana alfahari da ita, a gaskiya shaida ce ta saɓani tsakanin shiri da jadawali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sayi gyaɗa mai yawa daga manoma, amma jirgin ƙasa ba shi da isassun taragu da kawuna da za su kwashe ta zuwa Ikko kafin wata kakar ta shigo. Sai buhuna suka yi ta hawa kan juna, ta bara ta jira ta bana, ƙwari suna cin rabonsu. Mai saye ya cika lissafinsa, mai jigila bai iya cika nasa ba.

Aiki na uku shi ne linzami. A ɗakin lura da injuna akwai ma'aunai na zafi da na matsin tururi da na tsayin mai a cikin hasumiya, da bawul-bawul da a ke buɗewa ko a rufe don kome ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Dā da hannu a ke yi. A shekarar 1959, a matatar Texaco da ke Port Arthur a Amurka, aka fara ba kwamfuta linzamin wani sashe na matata. A 1975 kamfanonin Honeywell da Yokogawa suka fito da tsarin da ke tara labarin ma'aunai duka ya nuna a allo gaban mutum guda. Kafin 1980 kuma injiniyoyi a Faransa da na kamfanin Shell sun ƙago dabarar da kwamfuta ke hangen inda zafi zai kai nan da rabin sa'a, ta fara jan linzami tun kafin doki ya kauce.

Duk da haka ma'auni na iya yin ƙarya, kuma in ya yi, rai ne a bakinsa. Ran 23 ga Maris 2005, a matatar BP da ke Texas City, ana tayad da wata hasumiya bayan gyara. Aka yi ta zuba mata mai ba a buɗe mafita ba. Ma'aunin tsayi yana nuna wa mai lura cewa man yana raguwa, alhali ya kusa kaiwa ƙoli. Masu aikin dare ba su bar wa na safe cikakken bayani a littafi ba. Man ya yi ambaliya ya kama wuta, mutum 15 suka mutu, wajen 180 suka ji rauni. Waɗanda suka mutu 'yan kwangila ne da aka ajiye wa ɗakunan wucin gadi kusa da wurin domin wani gyara dabam, ba a kuwa gaya musu ranar nan za a tayad da hasumiyar ba. Wanda ya tsara inda za su zauna da wanda ya tsara ranar kunna wuta ba su dubi takarda ɗaya ba.

Abin da masana wannan fanni ke nufi da haɗa ayyukan uku, ashe, ba wani abu ba ne mai zurfi a faɗa, a aikata ne ya ke da wuya. Umurni ya sauko daga shiri zuwa jadawali zuwa linzami, wannan kowa ya iya. Abin da a ke rasawa shi ne labari ya hau. In mai linzami ya ga tukunyar da aka rubuta tana cin ganga 60,000 yanzu ba ta iya wuce 45,000 saboda datti ya toshe bututunta, tilas wannan adadi ya koma littafin mai shiri a makon nan, ba a ƙarshen shekara ba. In ba haka ba, mai shiri zai ci gaba da sayen ɗanyen mai don wata matata wadda a takarda kaɗai ta ke, ya kuma yi wa daffo-daffo alkawarin fetur da ba za a gani ba. Manyan matatu kan kwatanta abin da aka shirya da abin da ya fito kowane wata, su gyara lissafin bisa ga abin da inji ya nuna. Su kan auna tankuna kullum su daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita, don a ga inda mai ke ɓacewa. Kwamfuta na sauƙaƙa wannan ƙwarai, amma ba ta tilasta wa ma'aikaci ya rubuta adadin da zai ɓata wa na sama da shi rai.

Malaman hakimai za su tuna irin wannan a nasu aikin. Katsina ce ta fara kafa Baitulmali a Arewa, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma har zuwa 1979, sa'ad da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, aikin haraji a kan littafi uku ya ke tafiya: na ƙidaya, da na rabon abin da kowane gari zai biya, da na rasit. In dagaci ya ɓoye cewa mutum ashirin sun yi ƙaura, lissafin Baitulmali ya tsaya a kan mutanen da ba su nan, ƙarshenta waɗanda suka rage ne ke biyan na waɗanda suka tafi.

Babban abin da ya kamata shiri ya tanada wa matata shi ne garambawul, watau a kashe ta ɗungum a buɗe cikinta a sāke abin da ya ci. Ƙa'idar da aka ɗora matatun Nijeriya a kai ita ce a yi shi kamar kowace shekara biyu. Aiki ne da a ke shiryawa tun da nisa, don akwai kayan gyara da sai an ba da odarsu watanni kafin ranar, kuma sai an cika tankuna da man da jama'a za su sha a makonnin da za a yi a rufe. A Kaduna an sha barin shekaru su wuce ba a yi ba, domin izinin kashe kuɗin ba a hannun masu matatar ya ke ba. Masu linzami sun san abin da ke lalacewa, amma saninsu bai zama kuɗi a littafin masu shiri ba. Ga kuma masu fasa bututu, waɗanda in sun huda shi a Neja Delta sai tukunya ta mutu a Kaduna. Da hukumar NNPC ta buga lissafinta da aka bincika na shekarar 2018, sai aka ga matatar Kaduna ba ta samu kuɗin shiga ko kwabo ba a shekarar, asararta kuwa ta haura Naira miliyan dubu 60. A watan Fabrairu 2023 aka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaranta a kan dalar Amurka wajen miliyan 740.

Akwai wani misali da ya fi kusa da gida. Jamhuriyar Nijar ta buɗe matata kusa da Damagaram a 2011, ƙarama ce, ganga 20,000 a yini, da bututunta na kanta daga rijiyoyin Agadem. A watan Yuli 2018 Nijeriya da Nijar suka sa hannu kan takardar fahimtar juna don a gina wata matata a Jihar Katsina wadda za ta ci man Nijar, har aka ambaci ƙasar Mashi. Jama'a suka yi murna. Amma Nijar ta shimfiɗa wani bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin, a 2024 ya fara kai mai jiragen ruwa, ta Mashi kuwa ba a gina ba. Ita kuma matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a yini, wadda ta fara aiki a 2024, a bakin teku aka kafa ta inda jirgi ke iya kawo mata ɗanyen mai daga ko'ina, duk da haka a shekararta ta farko ta yi ta kukan ƙarancin na gida har ta sayo daga Amurka. Man da ta tace kuwa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ya iso Kusada, kuɗin wannan tafiya kuma mai injin ban-ruwa ne ke biya. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ba mai ɗaukar masa wannan nauyi.

Hakimi zai ce, ina ruwansa da hasumiya da bawul? Ruwansa ta wuri biyu ne. Na farko, kowane shiri daga ƙidaya ya ke farawa, ƙidayar ƙauye kuwa ta hannun mai unguwa da dagaci ta ke bi ta iso teburin malamin hakimi. In hukuma ta nemi yawan injunan ban-ruwa da ke Mawashi ko Kofa, ko kadadar da aka shuka alkama da tumatir, ko watan da ban-ruwa ya fi tsanani, malami ya rubuta abin da aka ƙirga, da ranar da aka ƙirga shi. Kada ya kwafi na bara, kada kuma ya ƙara don a samu rabo mai tsoka. Adadin da aka kumbura a Kusada zai sa a kai kaya inda ba a bukata, tumatir ɗin wani gari kuwa, in ya yi 'yan kwanaki ba ruwa cikin zafin Maris, ba ya jiran a gyara lissafi.

Na biyu, masu kuɗi su kan zo neman fili don kafa injin casar shinkafa, ko na matsar gyaɗa da waken suya, ko na gurzar auduga irin na Funtuwa da Malumfashi, kuma ƙofar hakimi su ke fara zuwa. Waɗannan duka 'yan'uwan matata ne, ɗanye ya shiga ta nan, gyararre ya fita ta can. Kafin a ɗauke wa talakawa gonakinsu, ya dace hakimi ya tambayi mai ginin daga ina zai samu abin da injin zai ci a watannin bazara da damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Ya tambaye shi buhu nawa ma'ajiyarsa ke ɗauka, da kwana nawa wannan zai riƙe injin in mota ba ta zo ba. Ya tambaye shi wane wata ya keɓe don garambawul, da inda zai kai dusa ko tunkuza ko gurya in suka taru. Sa'an nan ya nemi a nuna masa mutumin da zai riƙa kai labarin inji ga mai sayen kaya, da ko sau nawa a mako. Malami ya rubuta amsoshin a littafin ofis, da kwanan wata, mai ginin ya sa hannu, a ajiye kofe guda a aika da guda ga ƙaramar hukuma tare da takardar neman filin.